Ranar da Gwaggo ta kai ni asibitin Bompai

Ina 'yar shekara goma sha biyar ciwon mara ya fara kwantar da ni duk wata. Akwai ƙaramin asibiti a unguwarmu, Panshekara, amma mai yankan kati maƙwabcinmu ne, kuma budurwa ba ta zama a bencin masu awon ciki ba a yi da ita ba. Sai na riƙa shan jiƙo a ɓoye.

Gwaggona, mai aikin naɗe alewar minti a wani kamfani a Bompai, ita ta lura. Ta ce, "Shirya mu je asibitin ma'aikatarmu, 'yar nan. Can ba wanda ya san ki."

Har yau ɗakin yana zuwar mini kamar mafarki: farin labule yana kaɗawa, ƙamshin dafaffen sukari yana shigowa ta taga, injina suna gunji daga nesa. Nas ɗin, wata dattijuwa, ta zana mini mahaifa a bayan kati, ta ce, "Ba abin kunya ba ne, 'yata." Ta ba ni magani.

A motar komawa barci ya ɗauke ni a kafaɗar Gwaggo, ban farka ba sai a Challawa.