Takardar da Inna Ta Kai wa Baduku

Tun ƙanwata tana da shekara uku take da laya a wuya. Ta jar fata ce, ta ɗan fi sauran layu faɗi, ɗinkinta kuma ƙanana ne a jere, aikin badukun da ya san hannunsa. Da ita ta yi makarantar allo, da ita aka kai ta ɗakin miji. Zufa da man shafawa sun mai da ita baƙa ƙirin. An sake mata igiya sau da yawa, amma ba wanda ya taɓa buɗe ta, don a wurinmu in aka buɗe laya ta lalace.

Mu shida ne a wurin Inna, a wani lungu cikin garin Daura. Ni ce 'yar fari, ita ce auta, kuma Auta kowa ke ce mata har yau da take da 'ya'ya biyu. Inna 'yar wani ƙauye ce a gefen Zango, ba ta yi boko ba, kuma mace ce mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni. In tana so in ɗebo ruwa, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa waccan randa ba ruwa." Na tashi a haka, ban taɓa ganin abin a matsayin ƙiyayya ba.

Ina aji shida na firamare ƙwayar idon Auta ta hagu ta fara wani fari-fari, in haske ya bugi idon sai ya yi ƙyalli kamar na kyanwa. Aka sa tozali, aka ɗiga nonon uwa, aka wanke da rubutu. Ido ya kumbura, ya fara turowa waje. Baba yana can yana fataucin shanu tsakanin kasuwar Mai'adua da kudu, saboda haka Inna da ƙanenta, Kawu, suka ɗauke ta zuwa Katsina, daga can aka tura su Zariya. Sun yi wata huɗu. Ciwon daji ne na ido. Aka cire idon, aka yi ta ƙara mata ruwan magani har gashinta ya zube, sannan aka gasa wurin da wata na'ura don a kashe saiwar cutar. Gashi suke kiran aikin.

Ta dawo da ido ɗaya, da rai, ba a jima ba kuma sai ga layar nan a wuyanta. Aka yi waina aka raba sadaka, daga ranar kuma ba a sake ambaton sunan cutar a gidanmu ba. In dole ta sa a yi zancen, sai a ce "lokacin da aka je Zariya".

Na wuce sakandare, na shiga kwalejin horon malamai, na dawo da tabarau da girman kai. Turanci nake koyarwa a firamare har yanzu. A shekarun nan ba abin da na tsana kamar layu. Na yi ta wa'azi a tsakar gida, wai shirka ce, wai jahilci ne. Wata rana na kama igiyar layar Auta zan tsinke, sai na ji muryar Inna daga ɗaki, da wata irin kaifi da ban san ta da ita ba.

"A gaya wa waccan ta sakar mini 'ya. Wannan ta Zariya ce."

Na saki, ina tsaki a ciki. Zariya garin malamai ne, sai na ɗauka wani malami ne ya samu Inna cikin tashin hankali ya rubuta mata abin da ya ga dama. Ban tambaya ba. Ni da Inna ba ma tambayar juna.

Auta ta girma lafiya lau. An sa mata idon roba, ta iya jan mayafi ta wannan gefen, har baƙo bai cika lura ba. Ta auri wani mai gyaran babur, mutumin kirki mai ƙarancin magana. Sana'arta ɗinkin hula, kuma da idon nan guda take fitar da zanen da masu ido biyu suke zuwa koyo. Nakan tsokane ta in ce da an bar mata biyun da ta ƙwace kasuwar Daura gaba ɗaya.

Bayan haihuwarta ta biyu ciwon kai ya fara. Da safe yake tashinta, wani lokaci har da amai. Mai kemis na unguwarsu ya ce maleriya ce, da ba ta ji sauƙi ba ya ce taifot. Wanzami ya zo ya yi mata ƙaho a ƙeya, ya nuna mana baƙin jini ya ce ga cutar nan ta fito. Surukarta ta kawo turaren hayaƙi, wai iskar jego ce. Ni kuwa, mai ilimin gidan, na yanke hukunci cewa ido ɗaya ne yake aikin biyu ya gaji, na ja ta na kai ta aka yanka mata tabarau. Na fi kowa laifi a nan, don maganata aka fi ɗauka.

Haka muka ci shekara biyu. Ta fara kasa zura zare a allura, sai ta ba 'yarta. Ta fara buga kafaɗa a bakin ƙofa. Ta ce mini, "Yaya, kamar ta cikin kara nake leƙen duniya, gefe da gefe duk duhu." Na ce ta rage ɗinki. Sai wata Laraba da rana tsaka, tana tankaɗe a tsakar gida, ta faɗi tana jijjiga, kumfa a baki. A ranar mijinta ya nemo mota. Katsina suka duba suka ce sai Kano, a ɗauki hoton cikin kai.

Mu uku muka shiga wurin likitan, ni da Inna da Auta. Ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna mana wani dunƙule. Ya ce ƙari ne a cikin kai, ya daɗe yana girma a hankali, yanzu kuma yana danne jijiyar idon da ya rage mata. Ya dubi idon robar, ya tambayi abin da ya same shi. Na faɗi sunan cutar, karo na farko a gaban Inna. Ya tambaya ko an yi gashi, na ce an yi.

Ya yi mana bayani da Hausa, a hankali. Ya ce gashin nan shi ya ceci ranta, ba don shi ba da wuya ta kai shekarun shiga makaranta. Amma yaron da aka yi wa gashi a ka, bayan shekaru masu yawa wani ƙarin yana iya fito masa a ƙwaƙwalwa. Ba kowa ba, amma haɗarin yana nan, shi ya sa ba a sallamar irin waɗannan yara gaba ɗaya, ana bibiyarsu har girma.

"Ba su ba ku wata takarda ba lokacin?" in ji shi.

Na buɗe baki zan ce ta ɓace tuntuni, sai Inna ta riga ni.

"Sun bayar, likita. Ga ta nan a wuyanta."

Ya ce bai gane ba. Inna ta gyara zama, har da ɗan alfahari a muryarta. Ta ce ranar da za a sallame su, babban likitan ya rubuta takarda da hannunsa, ya sa aka gaya mata ta adana, kada yarinya ta rabu da ita har ta girma, duk inda za ta ta tafi da ita. Shi ne suna dawowa Daura ta kai wa baduku.

Wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini reza. Na bi ɗinkin ina yankewa. A ciki akwai leda, an naɗe ta da zare. A cikin ledar akwai takarda da aka ninke ƙanƙanuwa, ta yi ruwan ƙasa amma ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Badukun ya yi aikinsa.

Layi bakwai ne da Turanci, da hatimi a ƙasa. An rubuta abin da aka yi mata da wurin da aka gasa. An rubuta a riƙa kawo ta duk shekara. Layin ƙarshe an ja masa layi biyu a ƙasa: in ta fara ciwon kai mai naci, ko amai, ko ganinta ya canja, a kawo ta nan take a ɗauki hoton kai. Ba kalma ɗaya a ciki da ɗaliban ajina ba za su iya haɗawa ba. Na miƙa wa likitan, na fita baranda na yi kuka kamar an aiko mini da mutuwa.

An yi mata aiki, an cire abin da zai ciru, ta rayu. Idon bai dawo ba. Na matsa wa likitan da tambaya, ya ce ba zai yi mini rantsuwa ba, amma da an zo tun farkon ciwon kan, da akwai kyakkyawan fata ga idon. Yanzu Auta tana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Hular da ta fara tana nan a cikin kwalla, allura a soke a inda ta tsaya. Har yau nakan ga hannunta ya tafi wuya yana laluben igiyar.

Mako biyu da dawowarmu, na je gida da la'asar na tarar da Inna ita kaɗai tana tsince wake. Na gaishe ta zan wuce ɗaki, sai ta ce, "Zauna." Ni ta ce wa, ba bango ba. Na zauna a bakin tabarma.

"Me ya rubuta a takardar?"

"Sunayen magunguna ne, Inna."

"Sunan magani ba ya fitar da mutum baranda. Gaya mini."

Na gaya mata duka, layi bayan layi, har na ƙarshen. Ba ta daina tsince waken ba sai da na gama. Ta ce ko rana ɗaya yarinyar ba ta rabu da takardar ba, ko wanka za ta yi sai dai a juya ta baya. Na ce na sani. Na ce ba laifinta ba ne, abin da aka ce ta yi shi ta yi.

Ta ture farantin gefe, ta dube ni ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da ta haife ni.

"Ranar da zan kai ta wurin baduku," ta ce, "kina zaune a nan gindin turmi, da littafinki na makaranta kina karatu da ƙarfi. Na tsaya a kanki da takardar a hannuna. Sai na ji kunya, na wuce."