Mai Maki Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da matata ke karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ni ne ɗan rakiya. Ita gwamnati ta ɗauki nauyinta, ni kuwa karatuna a aji shida na firamare ya tsaya. Takardar zamana ba ta yarda in yi aiki ba, kuma ni mutum ne da in aka rubuta kar a taka ciyawa, ko inuwata ce ta hau kanta sai raina ya ɓaci. Don haka aikina kai yara makaranta, cefane, da dawowa gida daga bakin titi in duba ko na kashe gas.

Kusa da titin Jalan Semarak muke zaune. 'Yan Arewa da ke karatu a garin suna da gasar ƙwallon kwando duk Asabar da safe, a wani fili gefen tafkin Titiwangsa. Ƙungiya shida ce, kowace unguwa da tata. Ni ba na wasa. Ni ne mai gadin jakunkuna da wayoyin mutane, don an gano ba na iya ɗauke ido daga kayan amana ko da ruwa ake zabgawa.

Gasar tana da wata doka. Da can yaran kwalejojin kuɗi ne suka riƙa janye duk wanda ya iya wasa, da sabon takalmi da cin kaza a mamak, wato shagon shayi da abinci na garin, har aka shekara biyu ba a ci su ba. Sai shugaban kwamiti, wani Dakta mai son kallon wasan Amurka, ya ce a can ana yanka wa kowane kulob iyakar albashin da zai biya, don kar mai kuɗi ya kwashe gwanaye. Mu ba a biyan kowa ko sisi, sai aka mayar da abin maki. Kowane ɗan wasa ana ba shi daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon iyawarsa. Ƙungiya dole ta cika mutum takwas, kuma in an haɗa makinsu kar ya wuce ashirin da huɗu.

A shekarar, biyu daga cikin namu suka gama karatu suka koma gida. Saura shida, makinsu sha takwas. A daidai lokacin kuma wata ƙungiya ta watse, ta bar wani dogon Bazazzagi mai maki biyar ba shi da wurin zuwa. Mutumin nan in zai shiga jirgin ƙasa sai ya sunkuya. Kowa na son sa. Ya ce ya fi son mu don muna kusa da ɗakinsa, amma ba zai jira mu ya wuce Lahadi ba.

Ranar Talata bayan la'asar abokina, wanda shi ne kyaftin ɗinmu, ya kira ni mamak. Ya sa aka kawo mini shayi da roti, wainar fulawarsu, har da ƙwai. Tun daga ƙwan nan na san akwai magana.

"Mutumina, sha takwas da biyar nawa?"

Na ce, "Ashirin da uku."

"Saura nawa a cika?"

"Ɗaya."

"Madalla. To mutum guda muke nema mai maki ɗaya. Wanda bai iya komai ba. Wanda ko ƙwallon aka miƙa masa zai tambaya na waye."

Sai ya kalle ni da wata irin ƙauna da ban taɓa gani a idonsa ba.

Na ce, "Anya wannan ba ha'inci ba ne?"

"Wane ha'inci? Ka iya wasan?"

"A'a."

"To ai gaskiya ce zalla. Rashin iyawarka muke so, kuma kana da shi."

Na ce kuma takardar zamana ta hana ni aiki. Ya ce da salon maganar 'yan garin, "Wa zai biya ka, lah? Ci rotinka."

Sai da na cinye ya gaya mini sauran. Duk sabon ɗan wasa sai ya tsaya a layi gaban kwamiti ya yi jifa goma. Daga nan a yanka masa maki, kuma in an rubuta sunansa ba a gogewa sai gasa ta ƙare. Ya ce, "Kai dai ka ɓarar. Ko tsautsayi ya sa hannunka ya saitu, ka karkatar da shi."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat. In na ƙi iyawa da gaske, babu laifi. In kuwa na karkatar da hannu da gangan, ai ƙarya ce, bakina ne kawai bai faɗe ta ba. In kuma na ƙi zuwa, na hana mutane shida dogon da suke mafarki. Na kai wa matata maganar tana tsakiyar rubutu. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baban yara, kai da ko hularka ka wurga kan gado sai ta faɗi ƙasa, me kake tsoro?" Na kai wa malamin da ke jan mu sallah. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, je ka jefa. Abin da ya shiga ya shiga." Ranar Alhamis na je filin ni kaɗai na gwada yadda na ga suna yi, daga saman kai. Sau ashirin, ko ƙarfen kwandon ban taɓa ba. Na dawo gida ina murna kamar wanda ya ci jarrabawa.

Asabar ta zo. Dakta ya zauna a kujerar roba da takarda a cinya, mutum biyu na kwamiti a gefensa. Abokina da sauran 'yan ƙungiya suka jeru, dogon yana bayansu kamar turken fitila. 'Yan wasu ƙungiyoyin ma sun zo kallo. Na tsaya a layi cikin wandon atisaye na aro. Da Dakta ya bar ni haka da an gama lafiya. Sai ya ce, "Malam, amana ce fa. Ka yi iya iyawarka."

Na jefa na farko daga saman kai, ya wuce ta gefe. Na biyu ko rabin hanya bai kai ba. Abokina ya ce, "Sannu da ƙoƙari, mutumina! Haka nan, haka nan!"

Ina riƙe da ƙwallon karo na uku sai zuciyata ta ce, wannan ne iya iyawarka? Ba ka san wani jifan ba?

Na sani kuwa. Mahaifina magini ne. Da na bar makaranta shekara bakwai na yi ina tsaye gindin katanga ina cilla masa tubali, shi yana zaune a sama ya miƙo hannu. Hannu biyu ake sawa, a sunkuya, a ɗauko daga tsakanin gwiwoyi a sake shi sama a hankali, ya sauka a tafin magini ba tare da ya fashe ba. In ka kuskure, tubalin kanka zai dawo, bayansa kuma faɗan Baba. Na kalli kwandon nan, wallahi tsayinsa bai wuce katangar zaure ba. Na so in manta, amma na riga na tuna, kuma an ce amana.

Na buɗe ƙafa, na sunkuya, na cilla. Ya shige ko ƙarfe bai taɓa ba.

Aka fashe da dariya. Abokina ma ya yi, ya ce, "Tsautsayi ne, Dakta, kar ka rubuta da ƙarfi." Na huɗu ya shiga. Na biyar ya shiga. Dariyar ɓangarenmu ta ɗauke. Abokina ya fara tari. Da na shida ya shiga sai ya ɗaga murya, "Mutumina, ka tuna kana da iyali!" Wasu dattawan Malay da ke zagaya tafki suka tsaya suna tafi, ɗaya yana cewa, "Boleh! Boleh!" wato "Ka iya!" Ni kuwa gumi nake, duk wanda ya shiga sai in juya in ce wa abokina, "Yi haƙuri." Takwas a jere. Ban taɓa baƙin cikin samun nasara irin na ranar ba.

Dakta ya cire tabarau ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, amma a ga yadda nake tafiya da ƙwallo. Na buga shi a ƙasa sau ɗaya, ya daki yatsan ƙafata ya gangara wajen tafki, sai da dogon ya bi shi da gudu. Kwamiti suka haɗa kai, suka ce maki uku. Dakta ya rubuta.

Sha takwas da uku da biyar, ashirin da shida. Mun haura da biyu. Ba wurin dogo.

Na ce a goge sunana. Dakta ya ce doka ta hana, sai dai a yi musaya da wata ƙungiya. Ɗaya daga cikin namu ya ce, "Da mun sani da tsintsiya muka yi wa rajista." Dogon ya ce shi dai zuwa gobe da yamma, in ba hali zai tafi wajen yaran kwaleji. Abokina ya karɓi jakarsa a hannuna ya wuce. Shekara biyu muna tare, ranar ce ta farko da ya tafi bai ce in gaida gida ba. Na koma na kasa cin abincin rana. Matata ta ce, "Kai kaɗai ne za ka je neman faɗuwa ka kasa."

Bayan magariba sai ga abokina a ƙofa da ledar tapau, wato ƙunshin abincin saye, baki har kunne. Ya rungume ni. Ashe kyaftin ɗin ƙungiyar unguwar Lembah Pantai yana wurin da safe. Bara rashin gwanin jifan layi, irin wanda na yi ɗazu, shi ya hana su kofi, kuma suna da sarari na maki biyu. Suna kuma da wani Farfesa mai maki ɗaya, dattijo mai ciwon gwiwa da likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Su ba mu Farfesa, mu ba su ni. Sha takwas da ɗaya da biyar, ashirin da huɗu cif.

"Na san ba za ka ba ni kunya ba," in ji shi, kamar shi ya tsara.

Na yi hamdala. Ban kai ga buɗe ledar ba wata damuwar ta sauko. Na ce, "Sun san ban iya komai ba sai wannan jifan?"

Ya ce, "Sun gani da idonsu."

"Jifa suka gani. Jifan layi kuma sai an ture mutum ake ba shi. Wa zai ture ni? Ai ko ba a ture ni ba zan ba da ƙwallon."

Ya kama hannuna biyu. "Don girman Allah, mutumina, ka bari a sa hannu tukuna. Gobe ne kawai. Bayan nan ko a masallaci ka yi shela."

Da safe na hau jirgi na tafi Lembah Pantai. Na san in suka fasa, dogon ya tafi ke nan, abokina kuma wataƙila har abada. Duk tashar da aka tsaya sai in ce in sauka in koma, sai in ga ƙofa ta rufe ina zaune. Na samu kyaftin ɗinsu a ƙasan benensu, wani Bakatsine mai yawan fara'a. Na zayyana masa komai. Ba na iya gudu da ƙwallo. Ba na iya cafewa. In mutum ya taho mini da ƙarfi matsawa nake in ba shi hanya.

Ya saurara yana murmushi, ya ce, "Abokinka ne ya turo ka ko? Ya yi nadama ke nan."

Na ce, "Wallahi bai ma so na zo ba."

"Haka zai ce ka ce. Malam, mun ga takwas a jere."

Duk yadda na ƙara kushe kaina, sai ya ƙara ƙanƙame ni. Da na ga haka na roƙe shi ya kira mutum biyu, na maimaita a gabansu, na ce su zama shaida na faɗa. Suka ce sun ji, suna ƙunshe dariya. Kafin la'asar aka kai wa Dakta takarda. Dogon ya zama na Jalan Semarak, ni na zama na Lembah Pantai.

Gasar shekarar tsofaffin abokaina ne suka ɗauki kofi. Ni kuwa duk abin da na faɗa sai da ya tabbata. Wata huɗu ana sa ni minti biyar-biyar, ba wanda ya ga dalilin ture ni. Sau ɗaya tak aka ba ni jifan layi, ranar da muka haɗu da Jalan Semarak, shi ma Farfesa ne numfashi ya ƙare masa ya dafa kafaɗata ya huta, alƙalin wasa ya hura usur. Na jefa biyu, duka suka shiga. An ci mu da tazarar talatin.

Ranar rufe gasa Bakatsinen ya dafa ni ya ce, "Malam, ka faɗa mana. Mu ne ba mu ji ba." Na ce don Allah ya sake faɗa. Ya sake. Ban san daɗin da masu kofi suka ji ba, amma ba na jin ya kai nawa.

Yanzu mun daɗe da dawowa gida. Abokina in ya kira ni har yau dariyar abin yake, yana cewa ni ne ciniki mafi riba da ya taɓa yi. Na gane cewa mutum irina ba zai daina damuwa ba, sai dai ya zaɓi wadda zai iya kwana da ita. Fushin aboki na yini ɗaya na ɗauke shi, bai kashe ni ba. Da na karkatar da hannun nan, da har gobe ina jin nauyinsa.

Abu ɗaya ne ya rage mini. Jifa biyun farko da na yi daga saman kai. Ina gaya wa kaina ban tuna da tubali ba sai a na uku. Amma wani lokaci ina zaune sai in ce, anya ban tuna tun a na farko ba, na yi kamar ban tuna ba? Bara na kasa haƙuri na nemo lambar Dakta na kira shi na yi masa bayani, na ce in da hali a gyara a takarda. Ya bar ni na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Malam, gasar ma ta mutu shekara huɗu ke nan. Na yafe, kwamiti ya yafe, je ka huta."

Na yi masa godiya sosai. Sai bayan na kashe wayar na tuna kwamitin su uku ne, kuma ban ji ta bakin sauran biyun ba.