Latas ɗin Inna

Duk layin babu wanda ke kiran mijin Inna da sunan da aka raɗa masa. Wucin-Gadi ake ce masa, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa, shi kuma ya amsa da fara'a kamar an naɗa shi sarauta. Daga bakinsa sunan ya fito. Duk abin da ya lalace a gidan, sai ya zo ya tsaya a kansa, ya riƙe ƙugu, ya ɗaure shi da waya ko ya naɗe shi da roba, sannan ya ce, "Wannan na wucin gadi ne, kafin a kira mai gyara." Inna ta haifi 'ya'yanta a gidan nan, ta aurar da su, ta goyi jikoki, amma ko ƙeyar mai gyaran nan ba ta taɓa gani ba.

Direban babbar mota ne a zamaninsa, mai dogon zango, kuma a hanya ya koyo abin da ya zame wa iyalinsa jarrabawa. In tiyo ya fashe maka a tsakiyar daji, ba ka da bakanike sai kanka: ka yanko tsohon tiyub, ka ɗaure, ka lallaɓa har gari na gaba. A can dabara ce, har yabonsa ake yi a tasha. Abin da ya ƙi shiga kansa shi ne, gida ba ya tafiya ko'ina, babu wani gari na gaba da za a kai shi. Da ya ajiye tuƙi sai ya dawo da akwatin sufanu da buhun tsofaffin tiyub, ya sa gidan a gaba.

A yi masa adalci, ba rowa ba ce. Mutum ne da zai cire rigarsa ya ba baƙo. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne wani ƙato ya shigo masa gida da kayan aiki, alhali shi yana raye da hannuwansa biyu. Don haka fankar falo sai an tura ta da sandar tsintsiya take tashi. Famfon tsakar gida ya sha naɗin roba har ya koma kamar ƙafar da aka yi wa ɗori. Shekarar da rufin ɗakinsu ya fara yoyo, ya hau, ya ajiye babbar roba a cikin silin daidai inda ruwan ke ɗiga, ya sauko yana kakkaɓe hannu, ya manta da ita ɗungurungum. Damina ta cika ta, ɓera ya faɗa ya mutu, ya kumbura a ciki. Ran da silin ya gaji ya ɓurma, a kan gadonsu komai ya sauka. Inna ba ta wanke zanin gadon ba, ƙona shi ta yi, tana tofar da yawu. Shi kuwa ya tsaya yana kallon ramin ya ce kwalin silin na yanzu ba shi da ƙwari.

Wannan ne mutumin da Allah ya haɗa da Inna, macen da ke wanke sabulu kafin ta wanke hannu da shi. Kuku ce ta makarantar kwana har ta yi ritaya, kuma abin alfaharinta a duniya guda ne: a duk shekarun da ta yi tana ciyar da 'ya'yan mutane, ba a taɓa kwantar da yaro ba saboda abin da ya fito daga tukunyarta. Ba ta da gwal, ba ta da fili. Hannunta take da shi, kuma layin ya san da haka. Mace za ta ƙi cin abincin ƙanwarta, amma in aka ce daga gidan Inna yake, ta ci har da lashe yatsa.

Abin da ya fi ci mata rai a gidan shi ne filin da ke bayan ɗakuna. Nan ne makabartar gyare-gyaren mijin nata, da ita take ce wa Malam: tayoyin da ruwan sama ke kwanciya a ciki, matattun batura, fasasshen kan masai da ya ce zai yi amfani wata rana, ledoji, da kashin duk kyanwar da ke unguwar. Ta yi magana har bakinta ya gaji. Sai ga shi ta tafi jinyar 'yarta a wani gari, ta yi makonni, ran da ta dawo ya karɓi jakarta ya ce, "Zo ki ga wani abu."

Filin ya zama fes. An kwashe tarkacen nan kaf. An yanka ƙasar komi-komi irin ta masu noman rani, an kewaye kowane komi da bulo, an shafa wa bulon farin fenti. Ga 'yan tsirrai sun fara leƙowa, latas da alayyahu da tumatir.

"Malam, wa ya yi wannan?"

"Wa kike da shi in ba ni ba? Naki ne. Ki shuka abin da kika ga dama."

Inna ta yi kuka, ba a ɓoye ba. A duk zamansu wannan ne aiki na farko da ya fara ya kuma gama, kuma bai ce na wucin gadi ne ba. Ta ce a ranta, ashe tsufa yana gyara mutum.

Lambun kuwa ya yi kyan da ba ta taɓa gani ba. Latas ya yi faɗi, kore shar, alayyahu yana kai mata gwiwa, a yanka yau jibi ya dawo. Akwai wani ɗan wari da ke tasowa in rana ta take, ta yi masa magana, ya ce takin kaji ne ya zuba a ƙasa, zai baje. Ta yarda. Abin da kawai ya ɗan sosa mata rai shi ne, shi da ya yi wahalar ba ya ci. In ta yanka latas sai ya ture gefe ya ce ɗanyen ganye yana tayar masa da gyambon ciki. In ta dafa alayyahu ya ce yau dai ba ya marmari.

Tun da shi ba ya ci, sai layin ya ci. Amma wadda ta fi kowa ci ita ce yarinyar da ke haya a gidan da ke jikin nasu, matar wani malamin makaranta. Cikin fari gare ta, mahaifiyarta tana can nesa, ga shi a asibiti an ce jininta ya yi ƙasa, ta dage da ganye. Mama take ce wa Inna, Inna kuwa ta ɗauke ta 'ya da gaske. Kullum da safe yarinyar za ta shigo da kwanonta, Inna ta zaɓo mata latas mafi kyau, ta ce, "Ki ci shi ɗanye, 'yata, wuta tana kashe amfaninsa." Da yarinyar ta fara ciwon ciki da gudawa tana ramewa, Inna ta ce laulayi ne, ta ƙara mata yawan ganyen.

Sai aka ɗauke ruwan famfo na kwanaki. Ɗan abin da ake samu na sha ne da girki, ba wanda zai zuba wa ƙasa. Furannin maƙwabta suka langaɓe. Lambun Inna ko a jikinsa. Wata safiya ta shiga da fartanya don ta ƙara komi ɗaya na karas a jikin bango, ta taka ƙasar, takalminta ya nutse. Ta tsaya tana kallon sawun, baƙin ruwa yana tsattsafowa yana cika shi a hankali.

Ta sara sau ɗaya, ta sake sarawa, fartanyar ta bugi wani abu. Ta yaye ƙasar. Bututu ne, an huhhuda shi a jere da ƙusa mai zafi, an naɗe mahaɗarsa da baƙar robar tiyub. Ko a cikin barci ta san ɗaurin nan. Ta bi shi da fartanya, ya ratsa ta ƙarƙashin latas, ya bi ta alayyahu, ya miƙe har jikin sokawe, ramin da ƙazantar banɗakinsu ke taruwa. An fasa gefen ramin an cusa bakin bututun, an liƙe da guntun siminti.

Da ta ɗaga bututun, mahaɗar ta saki. Abin da ya kwararo ba ya bukatar a tambayi sunansa. Kauri gare shi, baƙi, da gashi a ciki, da 'yan fararen tsutsotsi masu jela suna motsi. Warin ya daki fuskarta, korayen ƙudaje suka taso kamar an kira su. Saiwoyin latas ɗin nan farare tas sun naɗe bututun, sun cusa kai cikin hudojin suna sha. Inna ta durƙusa a jikin farin bulon ta yi amai har ba abin da ya rage, tana yi tana tuna kowane ganye da ta tauna, da daɗin da ta ji.

A haka ya same ta, da kofin shayi a hannunsa. Ya dubi ramin, ya dube ta.

"Kash! Kin fasa min mahaɗa."

Ta goge bakinta da bayan hannu. "Malam, mene ne wannan?"

"Ai lokacin da ba kya nan ne sokawen ya cika, ya fara dawowa banɗaki. Na ce kafin a kira masu motar kwasa, bari in ɗan rage masa nauyi. To ruwan sai ya riƙa kwanciya a fili, ba kyan gani. Shi ne na ce in an yi shuka a kai za ta shanye."

Ta daɗe tana dubansa. Wato ba lambu ya yi mata ba. Murfi ya yi wa ƙazantarsa, ya shafa masa fenti, ya miƙa mata, ita kuma ta yi kukan daɗi.

"Gyambon cikinka fa?" ta ce. "Yana nan?"

Ya kawar da kai.

"Tambayarka nake. Ka zauna a gabana ina ci. Ka ga yarinyar nan tana shigowa da kwano, da cikinta a gaba, kana amsa gaisuwarta. Kai ka san abin da ba za ka sa a bakinka ba."

"Haba, ai ƙasa tana tacewa. Taki ma mene ne? Ni dai raina ne bai so ba."

"Ranka bai so ba."

Ba ta taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba. Ɓeran silin ma ta yafe, don wancan wauta ce. Wannan kuwa da saninsa ya yi, kullum, a kan tabarmar cin abinci, yana ture ganye gefe da ɗan yatsa.

Sai suka ji sallama daga ƙofar gida, da ƙarar cokali a cikin kwano. Ya ajiye kofin da sauri, ya rage murya.

"Ki rufa mana asiri. Ki ce mata tsutsa ta cinye, ko kin yi feshi. Yau ɗin nan zan toshe shi, wallahi gobe a kira mota. In maganar nan ta fita, ba ni za a zaga ba, ni an saba. Ke za a daina cin abin hannunki."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya ƙara mata tsanarsa. Ƙarya ɗaya ƙarama, a tuge lambun, shi ke nan, sunanta yana nan yadda yake. Amma yarinyar za ta ci gaba da zuwa asibiti tana cewa laulayi ne, su kuma su ci gaba da ba ta maganin laulayi.

Inna ta wanke hannunta da ɗan ruwan da ke cikin buta, ta sa sabulu, ta sake sawa, ta fita. Yarinyar tana tsaye a tsakar gida, idanunta sun faɗa, tana murmushi.

"Mama, ina kwana? Jiya ma ban yi barci ba, cikin nan."

"Ajiye kwanon, 'yata. Zo."

Ta kama hannunta ta ja ta har bakin lambun. Ba ta yi dogon bayani ba, ramin ya yi mata rabin aikin. Ta nuna bututun, ta nuna inda ya fito, ta ce, "Abin da nake ba ki ke nan. Ban sani ba sai yau, amma ni na ba ki, da hannuna. Ki faɗa wa likita yadda yake, kada ki rage komai."

Yarinyar ta toshe hanci da gefen mayafinta. Ta dubi baƙin ruwan, ta dubi latas ɗin, ɗaya hannun ya sauka a kan cikinta.

"Tun yaushe?"

"Tun ganyen farko."

Malam ya matso yana cewa ai ba wani abu ba ne, na wucin gadi ne, babu wadda ta ko dube shi.

"Ɗauko katinki na asibiti," in ji Inna. "Bari in sa mayafi in raka ki."

"A'a, ki bari. Zan kira maigidana."

A hankali ta zare hannunta daga na Inna. Ba ta yi tsawa ba, ba ta yi zagi ba, yarinya ce mai tarbiyya. Ta juya ta nufi ƙofa, kuma tana tafe tana goge hannun nan a jikin zaninta, ciki da baya, ba tare da ta san tana yi ba. Inna ta tsaya tana kallo har ta fita.