Kwana goma sha ɗaya ina cewa lafiya lau

Wata huɗu ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa na samu kuɗi na manta da mutane, to kwance nake.

Moto, wato babur, ya kayar da ni a hanyar Ɗan Issa, ƙafar dama ta karye. Aka kwashe ni daga Madarunfa zuwa asibitin Maraɗi, aka yi aiki, aka ɗora ni kan tramol saboda zafin ciwo.

Ba wanda ya gaya mani maganin nan yana ɗaure ciki. Ko mutum ɗaya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Abokaina na tasha kuma, Allah ya shirye su, suka riƙa ƙaro mani na 'yan tebur masu sayar da magani a ɓoye, wai na likita ba ya da ƙarfi. Ni ma da wautata nake haɗiyewa.

Surukata, Inna Habsu, ta taso daga Gabi don ta kama wa matata jinya, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Kullum da safe majo, babban mai jinya, zai shigo ya ɗaga murya: "Malam Sani, an hita bayan gida?"

A gaban surukata fa. Me zan ce? Sai in sunkuyar da kai in ce, "Lahiya lau."

Ina cin tuwo, ina shan fura, ba abin da ke fita. Ciki ya kumbura ya yi tauri kamar tulu. A kwana na tara ko iska ta daina fita, amai ya fara. Na tsorata ƙwarai, amma bakina bai daina lafiya lau ba.

Rana ta goma sha ɗaya likita yana dubana, sai Inna ta yi magana, fuskarta na kallon bango.

"Likita, yaron ga ƙarya shika yi. Kunyata shika ji. Tun da na zo, ɗiyata ba ta hita da fon bayan gida ba ko sau guda."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Aka ɗauki hoton ciki. Bayan gida ya daskare ya toshe hanji. Likita ya ce saura kaɗan da sai an yanka. Aka ɗura mani ruwan magani ta ƙasa, aka ciro sauran da hannu. Wallahi karayar ba ta sa ni kuka ba, wannan ya sa.

Haushin kaina ya fi yawa. Na kusa barin 'ya'ya uku marayu don kar tsohuwa ta ji ina zuwa bayan gida kamar kowa.

Alhamdu lillahi, na warke, ina takawa da sanda.

In an ba ka tramol, tambayi likita maganin sassauta ciki tun ranar farko. Sha ruwa, ci zogale da rama. Na tebur kar ka taɓa. Ka kwana uku ba ka fita ba, faɗi, ko wa ke zaune.

Na gode wa matata da likitan. Inna kuwa ita ta ceci raina, kuma har yau ban iya yi mata godiya ba. Ba ta karatu. Don Allah kar wanda ya karanta mata wannan.