Ranar da Kaka Ta Bar Kaza Ta Ƙone

A gidanmu na Gaya ba a duba agogo wajen gasa kaza. Tatsuniya guda ake yi, in ta ƙare an san tukunya ta nuna. Kakarmu Hamsatu ce ta kafa wannan doka, kuma ita ta rene mu, ni da ƙanwata Haɗiza, tun da mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwar Haɗizar. Baba kaɗai ya rage mana, shi kuma rabin rayuwarsa a kan hanya take, yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Gaya. Wani lokaci mako biyu, wani lokaci uku, ba mu sa shi a ido ba.

Duk dawowarsa sai ya zo da kayan gwangwani: tumatir, koren waken nan peti-pwa, madara marar sukari, da ƙunshin makaroni. Kaka ta jera su a cikin tsohuwar kwalla ƙarƙashin gadonta, tana mita. A cewarta abincin da bai taɓa ganin rana ba ba abinci ba ne, kuma duk mai cin wake daga cikin ƙarfe wata rana cikinsa zai yi tsatsa. Amma ko da wasa ka taɓa kwallar nan, ranar za ka san tsohuwa tana da sauran ƙarfi. Kayan ɗanta ne, na ranar dawowarsa.

Shi ya koya mata girkin, ya gano shi wajen wani kuku a bakin tashar jiragen ruwa. Amfaninsa sauri. A lokacin waya ba ta kai hannun kowa ba, sai dai wani direba da ya riga shi isowa ya leƙo ya ce ya baro shi a hanya, yau zai kwana gida. Nan take a kama kaza a kai wa maƙwabci ya yanka. Kaka ta ɗan soya naman da albasa, ta tafasa makaroni rabin dahuwa, ta juye tumatir da peti-pwa da madara a kai, ta barbaɗa gishiri da yaji. Sai ta rufe tukunya da faranti na ƙarfe, ta tara garwashi a kansa, wuta ƙasa wuta sama. Daga nan babu mai ɗaga murfi. Za ta ja kujerarta 'yar tsugunno bayan sallar magariba, mu zauna a tabarma muna haɗiyar yawu, ta ce, "Ga ta can tafe bisa ruwa." Mu ce ta iso gaɓa mu tarbe ta.

Tatsuniyar kullum guda ce. Wata mata ce mai ɗa ɗaya, mai tuƙa kwalekwale. Ya ƙetare gulbi da safe, har rana ta faɗi bai dawo ba. Uwar ta aza tuwo, ta rufe, ta gangara bakin ruwa tana tambaya. Ta sami dorina, ta gaishe ta da ladabi, ta ce ko kin ga ɗana? Dorina ta ce na gan shi, amma tambayi kada, ya fi ni kusa da shi. Kada ya ce na gan shi, tambayi zalɓe. Zalɓe ya tura ta wajen kunkuru, kunkuru ya tura ta wajen kwaɗo. Kowanne da muryar da Kaka take yi masa, ta kwaɗo ce ke sa Haɗiza faɗuwa don dariya. Kwaɗo shi ne na biyar, shi ne ke cewa, ke tsohuwa, koma gida, ga ɗanki can ya buɗe tukunyarki yana ci ba wanke hannu. A nan Kaka takan ƙwanƙwasa faranti da ludayi, ta ce wanda ya iya tambaya ba ya ɓata. Sai ta share garwashi, ƙamshi ya tashi, sama ta yi ja, ƙasa ba ta kama ba. Sau da yawa kafin ta zuba mun ji sallamar Baba.

Akwai abu guda da ya kamata in faɗa. Baba ɗan fari ne, don haka Kaka ba ta taɓa kama sunansa ba. "Mai mota" take cewa, ko "wancan". In ya shigo ba ta tashi, ba ta ko dube shi sosai, sai ta tura masa kwano da gefen ƙafa ta ce wa Haɗiza ta gaya wa baƙon nan abinci na hucewa. Ina yarinya har haushi nake ji, ina ganin ba ta son shi.

Ranar wata Alhamis, ina da shekara tara, na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na tarar ana figar kaza. Wani ya ce ya baro Baba a Kandi. Aka yi komai yadda aka saba, aka tara garwashi, muka zauna. Uwar da ke cikin tatsuniyar tana gaban zalɓe sai muka ji sallama a ƙofar gida. Malam Idi ne, abokin Baba, shi ma direba. Bai shigo ba, ya ce yana son ganin Inna. Kaka ta tafi, ba ta daɗe ba ta dawo. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta zauna, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Zalɓe ya tura uwar wajen kunkuru, kunkuru wajen kwaɗo. Haɗiza ta fara dariya tun kafin a yi muryar. Amma kwaɗo bai ce ta koma gida ba. Cewa ya yi, na gan shi, tambayi tsari. Muka dubi juna. Tsari ya ce tambayi guza. Guza ya ce tambayi tarwaɗa. Kaka ta shiga kifayen gulbi ɗaya bayan ɗaya, giwan ruwa, ƙarfasa, ragon ruwa, kowanne ya gan shi, kowanne yana tura ta gaba. Haɗiza murna take yi, tatsuniya ta yi tsawo. Ni kuwa na lura Malam Idi bai tafi ba, ina hango ƙafafunsa ta ƙarƙashin zana, kuma matan maƙwabta suna taruwa bayansa.

Sai ƙauri ya fara tashi. Na ce, Kaka, kaza tana ƙonewa. Ba ta ko dubi tukunyar ba. Kifi ya ƙare mata, ta koma kan tsuntsaye, muryarta ɗaya ce yanzu ga kowa. Har uwar ta iso wajen wani ɗan tsuntsu da ban taɓa jin sunansa ba, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Don Allah, ko ka ga Hamidu?"

Ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba sai ranar. Ita ma ta ji abin da ta faɗa, tatsuniyar ta tsaya nan. Sai matan suka shigo. Ashe motar Baba ce ta kife kafin ya kai Malanbil, garin ƙarshe kafin Gaya, ko asibiti ba a kai da shi ba. Wata ce ta sauke tukunyar, komai na ciki ya zama gawayi.

Na girma ina ganin don mu ta yi hakan, don ta ƙara mana ɗan lokaci muna masu uba. Da haka nake ba mutane labarin, ina alfahari da ita. Sai da ta tsufa ƙwarai, ni kuma na fara aikin jinya a Dosso, na zo ganinta na yi mata godiya a kan ranar. Ta daɗe tana kallona.

"Ke 'yar nan, ba don ku na yi ba," ta ce. "Ni ko ganinku ba ni yi. In na kai ƙarshe, dole in tashi in zama wadda ɗanta ya mutu. Shi ya sa nike ta neman wanda zan tambaya."

Na yi kuka ranar fiye da yadda na yi a wancan daren, don sai a lokacin na tuna cewa ba mu kaɗai muka yi rashi ba. Shekara da shekaru ina lissafa marayu biyu a gidan, ban taɓa sa ta a ciki ba.

Yanzu in na tuna tatsuniyar, ba uwar nake tunani ba, dabbobin nake tunani. Ko ɗaya bai yi mata ƙarya ba, duk sun gan shi. Ba wanda ya yarda dai maganar ta fito daga bakinsa. A wurin aikina mata sukan tare ni a baranda, su gaishe ni da ladabi, su tambayi jikin ɗansu da aka shiga da shi ciki. Wani lokaci na riga na sani. Na sha yi wa kaina alkawarin zan zauna kusa da su in faɗa, amma har makon jiya abin da na ce wa wata shi ne, Inna, ki ɗan jira, likita yana zuwa.