Durƙuson da Na Yi a Gefen Fiffike

Aikina a filin jirgin Kumasi ba shi da wuyar bayani. Idan ƙaramin jirgi ya sauka ya nufo wurin ajiya, ni ke bin bakin fiffikensa na hagu da ƙafa. Direba daga ciki ba ya iya auna tazarar da ke tsakanin fiffike da abin da ke gefe, don haka ni yake kallo. Muddin hannuna yana sama, hanya a buɗe take. In na gitta hannuwa bisa kaina, ya taka birki. Farfela na tsayawa sai mu sa waigi a tayoyi, mu ɗaure fikafikai da igiya saboda iskar hadari.

Wanda ya koya mini aikin maƙwabcinmu ne a Zongo, mutumin Nijar, shi ke tura matakalar fasinja mai taya. Yaya nake ce masa, shi kuwa ɗan fufu yake kirana, wai duk wanda aka haifa a Kumasi bai san daɗin fura ba. A lokacin hukuma ta ce baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Ni ina da ta haihuwa. Shi takardar aikin nan kaɗai ta riƙe shi.

Farkon shekarar 1970 ne, ranar da maniyyata za su tashi zuwa Accra. Rabin Zongo ya zo rakiya, har mutane sun danno igiyar da aka gitta musu. Ga jirgin fasinja a tsaye, ga gangunan mai, ga matakalar Yaya a cikin layinta na fenti. Sai ƙaramin jirgin wani kamfanin katako ya sauka, hanyar da ta rage masa kuwa siririya ce.

Ina tafe hannuna a sama, sai na ji murya daga bakin igiya: “Sannu da aiki.” Surukina ne, ya rako ƙanensa. Wata biyar ke nan da ba ni ’yarsa. Ban yi wani tunani ba, na zube ƙasa na durƙusa, na sunkuyar da kai, don ba a kallon suruki ido cikin ido. Hannun nan kuwa yana nan sama, na manta da shi. Direba ya ga hannu, ya ci gaba da tafiya.

Fiffike ya daki matakala, fitilar bakinsa ta fashe, ƙarfen ya lotsa. Bugun ya ja matakalar ta ƙetare layin fenti. Da shugaban aikinmu ya iso, abin da ya gani ke nan. Ya ce, “Wa ya bar wannan a kan hanya?” Yaya ya rantse cewa a cikin layi ya ajiye ta. Sai Yaya ya juyo ya dube ni. Na dubi takalmina. Kafin la’asar an sallame shi, an karɓe takardarsa.

Kwana tara na yi ina zuwa aiki. Hujjar da nake ba kaina ita ce, in na yi magana sunan surukina zai shiga ciki. Ƙarya ce, aikina nake ji. A rana ta tara na ga matar Yaya da ’ya’yanta uku suna hawa lori mai zuwa arewa, da tabarmi da tukwane. Shi ya tsaya sayar da abin da ya rage, kafin ya bi su.

Washegari na je ofishin shugaban. Ya ce ba shi da lokaci. Na zauna a ƙofa. Ya fita, ya dawo, ya same ni. Da azahar ya ce, “Kai, mene ne wai?” Na faɗa masa komai. Ya ce an riga an rufe magana, in tafi in gode wa Allah. Na ce ba zan tashi ba sai ya zo ya ga sawun taya. Ya biyo ni don ya rabu da ni. Baƙin sawun da matakalar ta bari yana nan a kan siminti, daga cikin layi ya faro. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ka san abin da ka jawo wa kanka?” Na ce na sani.

Ni na kai wa Yaya takardarsa da hannuna. Na same shi a ɗaki ba gado, ba kujera. Ya juya takardar, ya ce, “Ɗan fufu, kwana tara kana neman bakinka?” Na ce, “Yaya, ka yafe mini.” Ya ce, “Je ka dawo mini da lorin tukuna.”

Ya koma kan matakalarsa, ni aka ba ni adda na koma saran ciyawa a gefen titin jirgi. Iyalinsa sai bayan shekara biyu suka dawo, babbar ’yarsa kuwa can ta zauna wajen dangi. Ya ce ya yafe, kuma na yarda. Amma har ya rasu, in ana hirar ’ya’ya a gabana, shiru yake yi.