Ranar da Inna Ta Raba Garin Silikon a Matsayin Kwalli

Shekarun baya kaɗan, ƙanwata ta dawo gida, unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangui, daga karatu a ƙasar waje. Bincikenta a kan garin silikon ne, wanda asalinsa daga yashi ake samunsa. Ta ce ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganin guda, kuma in an haska shi da wata 'yar tocila mai shuɗin haske sai ya yi ja kamar garwashi. Ana gwada shi wajen gano alamar cuta a ɗigon jini, har da kai magani inda ciwo yake a jiki. Ni dai kai nake ta gyaɗawa kamar na gane, alhali tun daga "yashi" aka bar ni a baya.

Ta zo da shi a 'yan kwalabe, don washegari za ta nuna wa masu wani ɗakin gwaje-gwaje a cikin gari. In sun gamsu su ɗauke ta aiki ta zauna a Bangui, in ba haka ba ta koma inda ta fito. Kuma dole kwalbar ta kasance ba a taɓa buɗe ta ba.

To a gidanmu, matafiyi ba ya raba tsarabarsa da kansa, wannan aikin mahaifiyata ne. Muna kasuwa ta buɗe akwati, ta ga 'yan kwalabe da gari mai duhu a ciki, ta ce kwallin Turai ne. Kafin azahar duk ta aika wa 'yan uwa da maƙwabta.

Da muka dawo ƙanwata ta ɗora hannu a ka. "Inna, ba kwalli ba ne! Kada wata ta sa a ido!"

"Yo ke ma, wa ke zuba abin da ba kwalli ba a kwalbar kwalli?" in ji Inna.

Muka hau moto, wato babur ɗin haya, sai unguwar Yakité. Duk gidan da muka shiga an riga an buɗe, an lakata, an shinshina. Alhamdu lillahi babu wadda ta kai ido, don kowa cewa take launin bai yi mata ba. Daga nan muka wuce unguwar Miskine wajen gwaggonmu, wadda ta dage ita ko murfin ba ta taɓa ba. Ƙanwata ta ce, "Gwaggo, kawo hannunki." Muka lulluɓa mayafi don a sami duhu, ta kunna tocilar. Sai ga babban yatsan Gwaggo da bayan hannunta suna ta haske ja.

Gwaggo ta yi salati, sannan ta ce, "To na ɗan gwada ne a hannu. Amma wannan abu naki ɗan tonon asiri ne."

Na yi dariya har da hawaye. Ƙanwata kuwa ba ta yi dariya ba, ta wanke mata hannu kawai, don kwalbar ƙarshe ke nan a lissafin da Inna ta ba mu. A hanyar gida na ji tausayinta ya kama ni sosai.

Muna shiga ta zauna bakin tabarma ta ce, "Shi ke nan, Inna. Ba ni da abin nunawa gobe, sai dai in koma."

Inna ta daina tankaɗe. "Ki koma ina? Wato wannan garin ne zai zaunar min da ke a gida?"

Ta miƙe ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar kwanonin jerenta. Ta fito da kwalba ɗaya, murfinta a liƙe. Ashe ta ɓoye wa kanta, wai sai ranar Sallah za ta sa. Ƙanwata ta rungume ta, Inna tana cewa, "Sake ni, kada ki fasa min ita."

An ɗauke ta aikin. Yanzu duk Juma'a, in an sauko daga Masallacin Koudoukou, tare muke cin abinci, kuma har yau in na gan ta a tsakar gidan nan sai na ji daɗi ya cika ni. Abin da na koya shi ne in tambaya kafin in gyaɗa kai. Inna kuwa ba ta fasa rabon tsaraba ba, sai dai duk abin da ta ciro daga akwati takan ɗaga shi ta ce, "Wannan fa, yana haske?"